Babi na Shida: Joan Lingard, Matar da Ta Faɗa wa Yara Gaskiyar Belfast

Kowace shekara idan watan Yuli ya kama, unguwannin 'yan Furotesta na birnin Belfast sukan canza kama. Samari su fito da gwangwanayen fenti su shafe duwatsun bakin titi da ja da fari da shuɗi, launukan tutar Birtaniya. Yara su yi ta jan katakai da tsofaffin tayoyi suna jibgewa a fili har tulin ya kere rufin gidaje, daren 11 ga wata a cinna masa wuta. Gari na wayewa sai ganguna da sarewa, da jerin gwanon magidanta sanye da baƙaƙen huluna, kowa da ƙyalle mai launin lemo rataye a wuya. Abin da ake tunawa shi ne yaƙin da aka gwabza a bakin kogin Boyne a 1690, inda Sarki William, ɗan Furotesta, ya ci Sarki James na Biyu, ɗan Katolika. An haura shekara 300 da yin wannan yaƙi, amma a wasu layukan Belfast ana maganarsa kamar jiya aka dawo daga fagen fama.

A irin wannan rana ce, 12 ga Yulin 2022, Joan Lingard ta rasu tana da shekara 90. Waɗanda suka tashi da littattafanta sun lura da kwanan watan nan take, domin littafinta na farko na yara, wanda ya fito a 1970, sunan wannan rana ya ɗauka: The Twelfth Day of July.

Ita 'yar Sikotilan ce. An haife ta a Edinbara ranar 8 ga Afrilun 1932, kuma kamar yadda ta sha ba da labari, a cikin motar tasi aka haife ta, a kan tsohon titin nan na Royal Mile da ya ratsa tsakiyar birnin daga fadar dutse zuwa gidan sarauta na Holyrood. Tana da shekara 2 iyayenta suka ƙaura zuwa Belfast, a Ailan ta Arewa, kuma a can ta zauna har ta kai 18. Saboda haka yarintarta duka a gabashin Belfast ta yi ta, a ɓangaren da 'yan Furotesta suka fi yawa. A can ta yi firamare, a can ta shiga makarantar 'yan mata ta Bloomfield, a can kuma yaƙin duniya na biyu ya same ta; tana da shekara 9 jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1941, mutum kusan 1,000 suka mutu.

Akwai wani abu game da gidansu da ya bayyana rabin aikinta. A garin da ake auna mutum da cocin da yake zuwa, ita ba ta faɗa cikin ko ɗaya daga cikin manyan rukunonin biyu ba. An raine ta a ɗariƙar Christian Science, ƙaramar ɗariƙa da Mary Baker Eddy ta kafa a Amurka a ƙarni na 19, wadda mabiyanta suka fi dogara ga addu'a wajen neman waraka. Yarinyar da ta tashi haka tana jin waƙoƙin unguwa, tana ganin wutar daren 11, ta san wace hanya ake bi da wadda ake kaucewa, amma ba a shayar da ita ƙiyayyar ɗaya ɓangaren a cikin gida ba. Ta san garin daga ciki, tana kallonsa daga gefe. Marubuci ba ya samun matsayin da ya fi wannan.

Rubutu kuwa ta fara shi ne saboda ƙorafi. Tana da shekara 11, ta cinye duk littattafan da hannunta ya kai gare su, ta dami mahaifiyarta da cewa ba ta da abin karantawa. Uwar ta ce mata to ta je ta rubuta nata mana. Sai ta nemo takardu masu layi, ta cika alƙalaminta da koriyar tawada, don a ganinta launin da ya dace da marubuci ke nan, ta zauna ta fara. Uwar da ta ba ta wannan shawara ba ta ga littafi ko ɗaya da sunan 'yarta a bango ba. Ta rasu Joan tana da shekara 16.

Daga nan rayuwa ta yi sauri. Ta koma Edinbara, ta yi horon malanta a kwalejin Moray House, ta koyar a firamare, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata uku. A 1963 littafinta na farko, Liam's Daughter, ya fito, kuma na manya ne. Ta jera wasu bayansa, duk na manya, ba tare da ta sa rubuta wa yara a ranta ba.

Abin da ya juya akalarta shi ne abin da ya faru da garin yarintarta. Tun 1921 aka raba tsibirin Ailan: gundumomi shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, sauran suka kama hanyar zama ƙasa mai cin gashin kanta. A arewar, 'yan Furotesta ne masu rinjaye kuma su ke riƙe da gwamnati, 'yan Katolika kuwa suna kukan ana danne su wajen rabon gidajen gwamnati da aikin yi da yadda ake shata mazaɓu. A 1968 aka fara zanga-zangar neman haƙƙi. A watan Agustan 1969 rikici ya ɓarke a Derry da Belfast, aka ƙone layuka sukutum, irin su Bombay Street, iyalai suka tsere da abin da suka iya ɗauka, gwamnatin Landan ta turo sojoji kan tituna. Shingayen da aka kafa a lokacin tsakanin unguwar Falls ta 'yan Katolika da Shankill ta 'yan Furotesta su ne suka rikiɗe suka zama dogayen katangun da ke tsaye har yau.

Wata ƙawarta marubuciyar littattafan yara, Honor Arundel, ita ta ba ta shawarar ta rubuta wa matasa labarin Belfast. A wancan zamani wannan shawara ce mai nauyi. Littafin yara a Birtaniya ya fi karkata ga hutun bazara, da makarantun kwana, da yaran da ke gano ɓarayi a cikin kogo. Addini da siyasa da jifa da kwalabe ba su cikin abin da ake ɗora wa ɗan shekara 12 a hannu. Kamfanin Hamish Hamilton ya karɓi littafin ya buga.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya, kuma ƙarfinsa ke nan. Sadie Jackson da wanta Tommy 'yan Furotesta ne, suna shirin bikin 12 ga wata. Ubansu ɗan ƙungiyar Orange ne, ta masu jerin gwanon 12 ga wata, mai alfahari da ita. Layuka kaɗan daga gidansu akwai Kevin McCoy da ƙanwarsa Brede, 'yan Katolika, a gida mai cike da ƙanne. Wata rana da dare Kevin ya tsallaka ya ɓata hoton Sarki William da ke jikin bango da fenti. Sadie, wadda ba ta san tsoro ba kuma bakinta ba ya mutuwa, ta ce sai ta rama. Daga nan abu ya zama na yau gare ka gobe gare ni: a tsallaka cikin dare, a yi ɓarna, a gudo, a ba abokai labari ana dariya. Mai karatu yana dariya tare da su, don Lingard ta rubuta shi da barkwanci da zafin yarinta, kuma ta bari a ga cewa Kevin da Sadie, duk da zagin da suke wa juna, halinsu ɗaya, kowa yana jinjina wa ƙarfin halin ɗan'uwansa a ɓoye.

Sai daren 11 ya zo. Yaran ɓangarorin biyu suka yi arangama, duwatsu suka fara tashi, aka sami Brede a ka. Brede ce mafi sanyin hali a littafin, wadda ta fi son ta zauna da littafinta, ba ta taɓa neman kowa da faɗa ba. Kowa ya watse, amma Sadie da Tommy suka tsaya a kanta. Kashegari, ranar da suka yi makonni suna jira, ba su shiga jerin gwanon ba. Suka tafi bakin teku a garin Bangor, suka wuni tare da Kevin.

Zaɓen wanda dutsen zai samu shi ne wurin da aka gane marubuciyar ta san abin da take yi. Da Kevin ko Sadie aka jefa, da mai karatu ya ce ai su suka jawo wa kansu. Ta ɗora raunin a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, don haka abin yake faruwa a zahiri, kuma yaro ɗan shekara 12 yana iya gane wannan ba sai an yi masa wa'azi ba. Babu babin da wani dattijo ya tara yaran ya yi musu nasiha. Manya a littafin ma su ne tushen matsalar: a teburin cin abinci, a bakin ƙofa, a hirar maƙwabta yaran suke tsintar kalmomin da suke jifan juna da su.

Littafi na biyu, Across the Barricades, shi ne ya fi shahara, kuma shi ne labarin soyayyar Kevin da Sadie. Ya fito a 1972, shekarar da ta fi kowace muni a tarihin rikicin: mutum kusan 500 aka kashe a cikinta. A ranar 30 ga Janairunta sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry. A ranar 21 ga Yuli ƙungiyar 'yan bindiga ta IRA ta tayar da bama-bamai a sassan Belfast, mutum 9 suka mutu. A cikin wannan hayaƙi ne littafin ya iso kantuna.

Shekara uku sun wuce a labarin. Kevin yana aiki a wurin tara tsofaffin ƙarafa, Sadie tana sayar da huluna a wani babban kanti. Suka haɗu a titi ba shiri, suka hau tudun Cave Hill da ke kallon birnin, suka fara neman juna. Abin da ya biyo baya Lingard ta bi shi daki-daki, ba ta tsallake komai ba. Maƙwabciya ta gan su, magana ta isa gida kafin Sadie ta isa. Uba ya ɗauki abokansa ya nufi unguwar su Kevin don ya ja masa kunne. Abokin Kevin na yarinta, Brian Rafferty, wanda yanzu yake ɓoye bindiga, ya kira shi maci amana, aka tare Kevin a lungu aka yi masa dukan kawo wuƙa. Aiki ya suɓuce wa kowannensu. Mutum ɗaya ne ya buɗe musu ƙofa: Mista Blake, tsohon malamin Sadie, ɗan Furotesta, dattijo mai zaman kansa da karensa, wanda ya bar su suna haɗuwa a gidansa. Aka fara aiko masa da wasiƙun barazana, aka kwance ƙusoshin tayar motarsa, daga ƙarshe aka jefa bam a gidansa ya mutu.

A ƙarshen littafin Kevin ya yanke shawarar barin garin, ya je tashar jirgin ruwa, ya tarar Sadie ta riga ta sayi nata tikitin. A labarin soyayya da aka saba, nan ake rufe littafi da murna. Amma duk wanda ya karanta da idon basira ya san abin da ya gani: soyayyarsu ba ta sasanta iyayensu ba, ba ta sauke shinge ko ɗaya ba, ta ci ran mutumin kirki, kuma ta raba su da garinsu. Lingard ta ƙi sayar wa matasa ƙaryar cewa idan mutum biyu suka so juna gari zai bi bayansu. Ta nuna musu cewa abin yana yiwuwa, ta kuma nuna musu kuɗinsa.

Ba ta tsaya a tashar jirgin ba, kuma wannan ne abin da ya fi cancantar yabo a aikinta. Ta bi su har littattafai uku: Into Exile a 1973, A Proper Place a 1975, da Hostages to Fortune a 1976. Ga su a Landan, ma'aurata 'yan ƙasa da shekara 20 a ɗaki ɗaya na haya, ba dangi ba sani, kuɗi ba ya kai ƙarshen mako. Ga labari ya iso cewa bam ya kashe mahaifin Kevin a Belfast, uwarsa da ƙannensa suna jiran babban ɗa ya dawo ya ɗauki nauyi, shi kuma yana tsakanin uwa da mata. Ga su a Liverpool da jaririnsu Brendan, da tambayar da duk auren da ya haɗa addini biyu yake cin karo da ita: a wane coci za a yi wa yaron baftisma, kuma wa zai gaya wa kakarsa? Daga nan gona a Cheshire, daga nan Wales. Suna faɗa, suna shiryawa. Sadie takan ji tsohuwar ƙyamar da aka raine ta da ita ta motsa idan ta ga limamin Katolika a ƙofarta, ko da ba ta so. Marubuciyar ta san cewa mutum yana iya barin unguwarsu a dare ɗaya, amma abin da unguwar ta zuba masa yana ɗaukar shekaru kafin ya fita.

Akwai inda za a iya kama ta. Saboda tana son ta yi wa kowa adalci, ta jera gidajen biyu kamar tagwaye: uba mai taurin kai a nan, uba mai taurin kai a can, aboki mai zafin kai a nan, ƙawa mai gulma a can. Wanda littattafan nan kaɗai ya karanta zai iya ɗauka cewa rikicin Ailan ta Arewa gadon ƙiyayya ne kawai tsakanin talakawa biyu masu kama da juna, alhali akwai batun mulki, da rabon gidaje da ayyuka, da tsare mutane ba shari'a da aka fara a 1971, da rawar da gwamnati da sojojinta suka taka. Waɗannan suna can a bayan fage, ba su cika fitowa gaba ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai ita daga tsayin yaro take kallon garin, kuma abin da yaro ke gani shi ne layinsu, da wanda aka hana shi gaishewa. A wannan ma'auni ba ta yi ƙarya ba.

Masu karatu sun karɓe ta. Jerin littattafan Kevin da Sadie ya sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya, aka sa su a manhajar makarantu, aka fassara su zuwa harsuna da dama. A 1986 fassarar Jamusanci ta Across the Barricades ta ci kyautar Buxtehuder Bulle, wadda matasa ke cikin alƙalanta. A 1998, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Good Friday bayan rikicin ya ci rayuka fiye da 3,500, Sarauniya ta ba ta lambar MBE saboda hidimarta ga adabin yara. Ga ɗimbin yaran Ingila da Sikotilan na shekarun 1970 da 1980, waɗanda Belfast a wurinsu hoton hayaƙi ce a talabijin, Kevin da Sadie ne mutanen garin na farko da suka sani da suna. A Ailan ta Arewa kanta, inda har yau yaran da ke zuwa makarantun haɗaka ba su kai ɗaya cikin goma ba, littafin yakan zama karo na farko da ɗalibi ya shiga kicin ɗin ɗaya ɓangaren ya ji yadda ake hira a ciki.

Belfast ba ita kaɗai ce duniyarta ba. Tana cikin rubuta labarin Kevin da Sadie ta buɗe wani jerin a ƙasarta ta haihuwa, littattafai huɗu game da Maggie McKinley, 'yar talakawan Glasgow mai kaifin baki: The Clearance a 1974, sai The Resettling, The Pilgrimage da The Reunion, ɗaya kowace shekara har 1977. A nan shingen da ke tsakanin masoya na aji ne. Saurayinta James Fraser ɗan masu hali ne daga Edinbara. Ana rushe tsofaffin gidajen unguwar su Maggie ana kwashe mutane zuwa dogayen benaye, ita kuma tana bin sawun kakanninta da masu ƙasa suka kora daga tsaunukan arewa a ƙarni na 19 don a sami wurin kiwon tumaki. Maggie tana son James, amma tana son jami'a, kuma marubuciyar ba ta tilasta mata ta ajiye karatu don a sami biki a shafin ƙarshe ba. BBC ta mai da labarin wasan talabijin a 1981 da 1982.

Wanda ya jera littattafanta zai ga mutanen da aka tumɓuke daga gidajensu suna ta dawowa. Mijinta na ƙarshe, masanin zanen gine-gine, ɗan asalin Latbiya ne wanda iyalinsa suka gudu daga ƙasar a 1944 lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suke matsowa. Daga tarihin gidansu ta samo Tug of War, wanda ya fito a 1989: tagwaye, Astra da Hugo, da turmutsutsun 'yan gudun hijira ya raba su a tashar jirgin ƙasa, kowa ya ƙare yaƙin bai san ko ɗan'uwansa yana raye ba. Ta bi iyalin zuwa Kanada a Between Two Worlds.

Wanda ya fi taɓa zuciya a cikinsu wataƙila shi ne ɗan ƙaramin littafin nan na 1980, The File on Fraulein Berg, domin daga makarantarsu ta ɗauko shi. 'Yan mata uku a Belfast lokacin yaƙin duniya, kawunansu cike da labaran 'yan leƙen asiri, suka yanke cewa malamarsu ta Jamusanci 'yar leƙen asirin Hitler ce. Suka buɗe mata fayil, suna bin ta a baya, suna rubuta inda ta shiga da wanda ta yi wa magana, har suka jawo mata wulaƙanci. Sai daga baya ta bayyana cewa matar Bayahudiya ce da ta tsero daga hannun 'yan Nazi, danginta kuma sun halaka a can. A wannan littafi Lingard ta sa mai ba da labari a cikin masu laifin, ba a cikin masu kallo ba, kuma ba ta ba ta damar neman gafara ba, don malamar ta riga ta tafi.

Ta ci gaba da rubuta wa manya a gefe guda: Sisters by Rite a 1984, game da ƙawaye uku a Belfast daga ɗariƙu uku, da After Colette a 1993, da The Kiss a 2002. Jimillar littattafanta ta kai wajen 60, daga na ƙananan yara masu hotuna zuwa manyan ƙagaggun labarai, yawancinsu a Edinbara ta rubuta su. Tana da shekara 82, a 2014, ta fitar da Trouble on Cable Street, wanda ta kafa a gabashin Landan na 1936, shekarar da mazauna unguwar, Yahudawa da 'yan Ailan ma'aikatan tashar jiragen ruwa da 'yan ƙwadago, suka tare titi suka hana 'yan fasist na Oswald Mosley wucewa.